Audible ko Storytel: wanne ya dace da mai sauraron tarihin rayuwar mutane a Saudiyya?

Wanda ke zaune a Makka yana aiki a Jidda, ko direban gida da ke kai yara makaranta a Riyad ya koma ɗauko su, ba ya rasa awa biyu a kan titi kullum. Daga Lahadi zuwa Alhamis, kwana 22 a wata, awa 44 ke nan. A cikin wannan lokaci mutum zai iya jin tarihin rayuwar manyan mutane biyu daga bango zuwa bango, muddin ya samu mai karanta masa. Sana'ar manhajojin littafin sauti ke nan, abin da Larabawa ke kira kitab sauti. Biyu daga cikin manyansu suna aiki a wayoyinmu na nan, wato Audible da Storytel, kuma a kan abu ɗaya tak muka auna su: littattafan tarihin rayuwa, ko wanda mutum ya rubuta game da kansa, ko wanda wani ya rubuta a kansa.

Wanda kunnensa ya fi sabawa da Larabci, kamar 'yan uwanmu haifaffun Makka da Madina da ɗaliban jami'a, Storytel ce tasa. Wanda ya yi boko a gida, Turanci ya fi zauna masa, Audible ce za ta biya masa buƙata. Sai dai harshe ba shi kaɗai ne bambancin ba. Audible sayar maka take yi, Storytel haya take ba ka, kuma wannan ya fi shafar littafin tarihi fiye da kowane irin littafi, saboda tsawonsa da kuma yadda ake komawa gare shi bayan shekaru.

Audible ta Amazon ce tun 2008. Ba ta da kasuwa ta musamman a Saudiyya, don haka sai ka yi rajista a kasuwar Amurka ko ta Ingila, da imel da kalmar sirrin da kake shiga Amazon da su. Babban tsarinta na Amurka dala 14.95 ne a wata. Tun da an ɗaure riyal a kan 3.75 kowace dala, kimanin riyal 56 ke nan, ban da ɗan abin da banki ke cira na canjin kuɗin waje. Katin Mada zalla, wato katin banki na cikin gida na Saudiyya, ba ya wucewa. Sai wanda ke ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, kuma ka tabbata ka buɗe sayayyar intanet ta ƙasashen waje a manhajar bankinka. Mafi yawan kukan "an ƙi karɓar katina" daga nan yake.

Abin da kuɗin ke saya maka shi ne kiredit ɗaya a wata. Kiredit ɗaya, littafi ɗaya, komai tsawonsa, kuma littafin ya zama naka ko da ka daina biya. A nan ne lissafi yake. A Promised Land na Barack Obama, wanda ya fito a 2020 da muryar shi kansa, awa 29 ne: kowace awa ba ta kai riyal biyu ba. Born a Crime na Trevor Noah bai cika awa 9 ba: kowace awa ta haura riyal shida, kuma mai tafiyar awa biyu a rana zai gama shi cikin kwana biyar ya zauna jiran wata ya zagayo. Saboda haka kiredit na dogon littafi ne. Gajeru a jira su a rangwamen da ake yi wa masu rajista lokaci-lokaci, ko a duba ko suna cikin rumbun da ake saurara kyauta muddin rajista na da rai. Wannan rumbun kuwa ana sa littafi ana cirewa, kada ka jingina da shi. Kiredit ɗin da aka ajiye ba a taɓa ba yana mutuwa bayan wata 12. A wasu kasuwannin an fito da ƙaramin tsari mai rahusa wanda littafin ke rufewa da zarar ka daina biya, don haka ka karanta sharaɗin kafin araha ta ja ka.

Akwai tarko biyu da suka shafi mazauna nan. Na farko, ba kowane littafi ake sayar wa mai adireshin Saudiyya ba, domin kamfanonin ɗab'i suna raba haƙƙin sayarwa ƙasa-ƙasa. Za ka ga littafi a binciken Google, ka shiga da asusunka ka neme shi ka rasa, ko a ce maka ba a sayar da shi a ƙasarka. Na biyu, rumbun kowace kasuwa daban yake. Idan ka sayi littattafai a kasuwar Amurka, ka canza waya, ka shiga ta kasuwar Ingila bisa kuskure, za ka tarar da rumbunka wayam. Ba su ɓata ba. Fita za ka yi, ka zaɓi kasuwar da ka yi rajista tun farko a shafin shiga, sai su dawo.

Storytel kamfanin Suwidin ne da aka kafa a 2005. A 2020 ya sayi Kitab Sawti, wata manhajar littafin sauti ta Larabci, ya haɗe rumbunan biyu, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren littafin sauti na Larabci. Tsarinsa ishtiraki ne irin na wata-wata: ka biya, ka saurara iya ƙarfinka, Larabci da Turanci. Ranar da ishtirakin ya ƙare, komai ya rufe, har wanda ka sauke a waya. Ga mai awa 44 a wata wannan ya fi riba nesa ba kusa ba, domin zai iya cinye littafi huɗu ko biyar da kuɗi ɗaya, kuma idan ya fara wani bai yi masa ba, ya ajiye ya ɗauki wani ba tare da asara ba. Ga wanda ba ya samun fiye da awa huɗu ko biyar a wata kuwa, littafin awa 25 zai ci masa ishtirakin wata biyar, kuma a ƙarshe ba nasa ba ne.

Rumbun Larabcin ya fi nauyi a ɓangaren ƙagaggun labarai da littattafan gina kai, kuma hannun mawallafa da makaranta na Masar ya fi yawa a ciki. Tarihin rayuwa akwai, amma ba kowane suna da ka sani za ka samu ba. Dabarar ita ce ka rubuta littattafai biyar da kake matuƙar son ji, misali Hayat fil Idara na Ghazi al-Gosaibi, ko Zikrayat na Shaikh Ali al-Tantawi mai juzu'i takwas, ko Al-Ayyam na Taha Husain, ka shiga shafin kamfanin na Saudiyya ka neme su ɗaya bayan ɗaya kafin ka saka lambar kati. Idan ka samu uku cikin biyar, ishtirakin zai yi maka amfani. Idan ɗaya ka samu, ka yi amfani da kwanakin gwaji ka saurare shi. Ga littafi mai juzu'ai da yawa, ka ƙirga ko duka aka karanta, domin yana faruwa a ɗauki na farko da na biyu a tsaya. Ka nemi suna da rubutun Larabci, ka kuma gwada da hamza da babu hamza, domin akwatin bincike ba kullum yake gane su a matsayin abu ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi farashi muhimmanci, wato mai karantawa. Mutumin da za ka zauna da muryarsa awa 20 ya kamata ka tantance shi kamar yadda ake tantance abokin tafiya. Duka manhajojin biyu suna ba da ɗanɗano na 'yan mintuna. Kada ka saurare shi a ɗaki shiru. Ka kunna shi a cikin mota, na'urar sanyi na aiki, a kan babban titi, domin murya mai kauri da taushi da ke da daɗi a iyafis tana nutsewa cikin ƙarar taya.

A Larabci matsalar ta fi zurfi, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san dalili. Littattafai ana buga su ne ba wasali, mai karatu shi ke sa wasalin da iliminsa. A ƙagaggen labari kuskuren i'irabi kunne kawai yake ɓata wa. A tarihi yana canza mutum. Haruffan da ake karantawa Ubaida su ne ake karantawa Abida, kuma Abida as-Salmani, tabi'in nan almajirin Ali da Ibn Mas'ud, da fataha sunansa yake. Sahabi Abdullahi bin Salam ba a ƙarfafa lam ɗin sunansa, amma wanda bai sani ba zai ce Sallam. Banu Salima na Madina, waɗanda masallacin Ƙiblataini yake unguwarsu, da kisira ne, ba Salama ba. Makarancin da ya fito daga wasan kwaikwayo ko rediyo yana da murya da iya tsayawa, amma ba lallai ya taɓa jin waɗannan sunaye daga bakin malami ba. Wanda ya haddace suna a karkace daga kunne, gyaransa ya fi wuya a kan wanda bai taɓa ji ba.

Sannan hashiya. Littafin sira irin Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyur Rahman al-Mubarakfuri, wanda ya zo na ɗaya a gasar sira ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ƙasan shafukansa cike yake da bayanin inda aka ciro kowace ruwaya. Littafin sauti a mafi yawan lokuta tsallake hashiya yake yi, domin karanta ta yana yanke zaren labari. Mai saurare zai ji labarin a miƙe, ba zai san wace ruwaya ce ta Buhari ba, wacce ce ta masu tarihi. Don haka ra'ayinmu a kan sira da tarajim, wato tarihin rayuwar malamai, shi ne: a saurara don maimaici da riƙe jerin abubuwan da suka faru, amma kada ɗalibi ya kafa hujja da abin da ya ji sai ya buɗe bugaggen. Tarihin 'yan siyasa da ma'aikata da marubuta na zamani ba shi da wannan nauyin, shi ya sa ya fi dacewa da kunne. Ka kuma lura da lahaja: wasu littattafan Masar da yaren Masar aka rubuta su, haka kuma ake karanta su. Wanda ya saba da fusha, wato daidaitaccen Larabci, ko Larabcin Hijaz zai ɗan sha wuya a awannin farko.

A Turanci ingancin ɗaukar murya a Audible ya kai inda ake so, kuma babbar fa'idarta ita ce yawan littattafan da masu su suka karanta da bakinsu. Trevor Noah yana juya harshe zuwa Zulu da Kosa a tsakiyar labari, abin da takarda ba za ta iya ba. Amma akwai abin lura: muryar mai labari tana sa ka yarda da shi fiye da kima. Mutum yana ba da tarihinsa ne yadda yake so a tuna da shi, kuma idan ka ji rawar muryarsa, tambayar da za ka yi wa rubutu ba za ka yi masa ba. Duk ɗan siyasar da ka ji nasa bakin, ka nemi wanda wani ya rubuta a kansa. Inda ba marubucin ne ya karanta ba, ƙwararren ɗan wasa kan ɗauki nauyin. Tarihin Malcolm X da ya fito a 1965, Laurence Fishburne ne ya karanta shi a 2020, kusan awa 17, kuma babin aikin Hajjinsa na 1964, da tsare shi da aka yi a Jidda kafin a tabbatar da musuluncinsa, yana da wani irin tasiri ga wanda ke bin wannan hanya kullum. Sai dai ka shirya jin sunayen Larabci da na Afirka a bakin Bature ko Ba'amurke yadda ba ka saba ba. Wasu littattafan kuma na'ura ce ke karanta su; Audible na rubuta Virtual Voice a gurbin sunan makaranci. Ga tarihi mai cike da sunaye, a guje su.

Kafin ka kashe kiredit, duba kalma ɗaya a shafin littafin: Unabridged na nufin cikakke, Abridged taƙaitacce. Long Walk to Freedom na Nelson Mandela yana da duka biyun. Cikakken da Michael Boatman ya karanta ya haura awa 27, taƙaitaccen da Danny Glover ya karanta kimanin awa 6 ne, kuma kiredit ɗaya kowannensu ke ci. Inda ba a rubuta ba, akwai ma'auni: makaranci na cin kalma 9,000 zuwa 9,500 a awa, wato shafi 30 ko kusa da haka. Littafin da ka gani a kantin Jarir mai shafi 400, ka tarar da shi awa 4 a manhaja, an yanke shi. Wannan ma'aunin ya fi amfani a ɓangaren Larabci, inda ake yawan sayar da mulakhkhas, wato taƙaitawa, na minti 20 ko 30 da sunan littafin da hoton bangonsa. Hotuna da taswira da bishiyar nasaba ba sa shiga kunne. Wasu littattafan Audible suna zuwa da PDF a haɗe, yana cikin jerin zaɓin littafin, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Lambar babi a manhaja ma ba kullum take daidai da ta bugu ba, domin ana ƙirga gabatarwa da sadaukarwa a matsayin babi.

Maganar data ba ta da tsanani. A Audible ƙaramin inganci na cin kimanin megabait 15 a awa, babban kuma kimanin 30 ko fiye. Littafin awa 29 ke nan zai ci tsakanin 400 da 900. Ga magana zalla ƙaramin ya wadatar a mota. Ka sauke littafin duka da wayfai kafin ka fita, ka kashe data ka kunna shi don ka tabbata ya sauka, domin hanyoyin cikin duwatsu na Makka da wasu wurare a hanyar Hijira, wadda ta haɗa Makka da Madina, suna yanke sadarwa. Jirgin ƙasa na Haramain daga Makka zuwa Madina bai kai awa biyu da rabi ba, mota kuwa awa huɗu zuwa biyar a kan kilomita 450 ko kusa da haka, ka san yawan babin da za ka tanada. Storytel na buƙatar ta leƙa intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar ishtirakinka na nan, don haka kada ka bar ta makonni ba haɗi.

Sauri: fara da yadda aka ɗauka na awa ɗaya, har sunayen mutanen littafin su zauna maka, sannan ka ɗaga zuwa 1.2 ko 1.25. A kan 1.25, littafin awa 27 zai dawo awa 21 da minti 36. Audible na kaiwa har 3.5, amma bayan 1.5 shekaru da sunaye sun fara zubewa, musamman idan harshen ba na uwa ba ne. Idan aka kira salla, sa alama a inda ka tsaya, in ka dawo ka koma baya da daƙiƙa 30 sau biyu. Da dare ka sa agogon barci na minti 15 ko ƙarshen babi, in ba haka ba za ka farka littafi ya yi tafiyar awa biyar ba kai.

Abin da ya fi lalata saurare a nan zafi ne da wayar kanta. Wayoyi an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, gaban gilashin mota kuwa a watan Yuli ya wuce haka da nisa. Waya na caji, taswira na aiki, Bluetooth na kunne, rana na dukanta: za ta rage haske, ta daina caji, ta kashe manhaja. A maƙala ta a bakin iskar na'urar sanyi. Idan kuma sauti na tsayawa bayan 'yan mintuna da kashe allo, ba laifin manhajar ba ne, tsarin tattalin batir ne na wayoyin Android ke rufe ta. Shiga saitin batir ka cire mata takunkumi. Kada ka riƙe waya a hannu don komawa baya kana tuƙi. Kyamarorin hanya suna kamawa, tarar kuma riyal 500 zuwa 900 ce, kuɗin Audible na wata tara zuwa goma sha shida. Madannan sitiyari suna yin aikin. Wanda ke ɗauke da iyali ko iyalan kafili ya san cewa tarihin rayuwar Turawa da Amurkawa kan zo da ashar da bayanin da ba a ji da yara, wasu shirye-shiryen kuma da kiɗa a farkon babi.

Babu ɗayan biyun da ke da sashen Hausa, kuma wannan shi ne babban giɓinsu a wurinmu. Dattijuwar da ta shekara 40 a unguwar Shara Mansur ko Hindawiyya a Makka, idonta ya yi rauni, Larabcinta na kasuwa ne, ita ce ta fi kowa buƙatar a karanta mata. Abin da ke hannunta shi ne karatuttukan sira na malamai da ake turawa ta WhatsApp da Telegram, da tashoshin YouTube masu karanta littattafan soyayya. Alhali kayan tarihin muna da su: My Life na Sardauna Ahmadu Bello na 1962, da Where I Stand na Shaikh Abubakar Gumi na 1992, wanda ya yi aikin kula da alhazai a Jidda a shekarun 1950, ya kuma karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Wanda ke son cike wannan gurbi ya fara da izinin mawallafi ko magada a rubuce. Littafi mai shafi 300 zai ba da kimanin awa 10, kuma kowace awa da aka gama tana cin awa biyar zuwa shida na karatu da maimaici da gyara. Ɗaki mai labule da katifa ya fi falo mai tayil, kuma dole a kashe na'urar sanyi lokacin ɗauka.

Game da fita: goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi, kuma kwanakin gwaji na juyewa su zama biya da kansu. Inda ka yi rajista nan za ka soke: idan ta App Store ko Google Play ka shiga, can za ka je, idan ta shafin kamfani ne, shafin za ka buɗe. A Audible ka kashe duk kiredit ɗin da ke hannunka kafin ka soke, domin wanda ya rage yana tafiya da rajistar. Idan hutu kawai kake so, kamar a Ramadan ko lokacin aikin Hajji, akwai dakatarwa har wata uku, sau ɗaya a shekara. Littafin da ka saya da kiredit bai yi maka ba ana iya mayar da shi cikin kwana 365, amma wanda ya mai da abin al'ada ana rufe masa ƙofar.

Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa ya tuna banki na daskarar da asusu idan ba a sabunta ta ba, cirar wata za ta gaza, Storytel ta rufe. Mai shirin komawa gida gaba ɗaya kuwa, kafin a buga masa huruj, wato bizar fita, ya shiga asusunsa na Amazon ya canza lambar wayar da ake turo masa lambar tabbaci, ya sa imel ɗin da yake riƙe da kalmar sirrinsa. Shariha, wato layin waya, tana ɗaure da iƙama, idan ta mutu kana Kano ko Damagaram, buɗe asusun da littattafan shekara biyar ke ciki zai zama doguwar wahala. Ya sauke waɗanda ya fi so a waya tun yana nan, ya cire katin Saudiyya bayan cirar ƙarshe.